Ƙasar da Ake Sayarwa Duk Shekara Bakwai

Duk bayan shekara bakwai, ana dab da shiga sabuwar shekarar Yahudawa wadda takan faɗo wajen watan Satumba, akan ƙulla wani ciniki a Isra'ila wanda duk dillalin filaye a Kano zai so a ce shi ne ya karɓi la'adarsa. Majalisar manyan malaman Yahudawa ta ƙasar takan karɓi takardun wakilci daga hannun manoma, ta haɗa gonakinsu, na alkama da na inabi da na lemo, ta sayar wa wani mutum wanda ba Bayahude ba. A rubuta yarjejeniya, a sa hannu, mai saye ya ajiye kafin alƙalami. Gari na wayewa kowane manomi ya koma gonarsa. In wa'adi ya cika a warware ciniki, ƙasa ta koma hannun masu ita. Na baya-bayan nan an yi shi a 2021, na gaba kuma sai 2028.

Ranar da na fara cin karo da labarin nan dariya na yi. Da na bi salsalarsa sai dariyar ta ɗauke, domin a ƙarƙashin cinikin akwai wata tambaya da malaman Yahudawa suka shafe sama da shekara 130 suna kai ruwa rana a kanta. Idan mutum ya ce addininsa ne ya ɗaure shi da wata ƙasa, me ƙasar take binsa?

A Littafin Firistoci na Attaura, babi na 25, an gaya wa Bani Isra'ila cewa idan sun shiga ƙasar su yi shekara shida suna shuka suna girbi, ta bakwai kuwa ƙasa ta huta. Ba shuka, ba datse rassan inabi, ba girbi irin wanda ake ɗaurewa a kai rumbu ko kasuwa. Abin da ya fito da kansa, wato gyauro a wajenmu, da 'ya'yan itatuwa, duk sun fita daga mallakar mai gona. Ya bar ƙofar shinge a buɗe, ya ɗebi na bakinsa, baransa ya ɗiba, baƙo ya ɗiba, talaka ya ɗiba, dabbobin dawa ma su sami rabonsu. Sunan shekarar da Ibrananci shi ne shemita, ma'ana saki. A wani wurin, cikin Maimaitawar Shari'a babi na 15, an ƙara da cewa a wannan shekarar a saki bashin da ake bin ɗan'uwa. Ɗan Adam kuwa duk inda yake halinsa ɗaya: daga baya sai da malamansu suka hana cin gyauron hatsi da kayan lambu, saboda an sami masu zuwa su watsa iri a ɓoye su dawo su ce da kansa ya tsiro.

Ni jikan manomi ne, kuma na tashi na ga saura. In gona ta gaji, kakana yakan bar ta damina biyu ko uku, ya roƙi Fulani su yi zango a cikinta da rani don ta sha taki, shi kuma ya koma wata gonar. Amma shi yake zaɓar wadda za ta huta, shi yake zaɓar lokacin, kuma rumbunsa bai taɓa dogara da gona ɗaya ba. Abin da Attaura ta ce ya wuce dabarar noma. Ƙasa gaba ɗaya ce za ta huta a shekara guda, daga gonar attajiri har ta mai ɗan kadada ɗaya. Littafin da kansa ya san abin da zai zo wa manomi a zuciya, don haka ya riga shi yin tambayar, me za mu ci a shekara ta bakwai? Amsar da ya bayar ita ce Ubangiji zai sa wa shekara ta shida albarkar da za ta ciyar da su shekara uku. Ma'ana dai an ɗora wa al'umma guda jarrabawar tawakkali, kuma da abincinta aka yi jarrabawar.

Malaman Yahudawa sun ƙidaya umarnan addininsu 613, guda 248 na a yi, 365 na a bari. A cikinsu akwai rukunin da suke kira umarnan da suka rataya ga ƙasa, waɗanda asalinsu sai a ƙasar Isra'ila suke hawa kan mutum. Akwai rabon firistoci daga amfanin gona, da ushirin Lawiyawa masu hidimar ɗakin ibada, da ushirin talakawa a shekara ta uku da ta shida. Duk wanda ya taɓa ganin an ware dami ɗaya cikin goma ranar ɗaurin gero ya san abin da ake nufi. Akwai barin kusurwar gona ba a girbe ba, da barin zangarniyar da ta faɗi, da barin damin da aka manta, duk don mabukata. Tsofaffin garinmu masu fita kalar gyaɗa bayan an gama cira ba su san cewa a wata shari'ar hakkinsu a rubuce yake ba. Bayahuden da ke zaune a Landan ko Marakish yawancin waɗannan ba su kansa. Ranar da ya sauka a waccan ƙasa ya kama fartanya, ranar suka hau shi.

Abin da nake so in faɗa ya taso ne daga nan. Mu a nan, in an ambaci Yahudawa da ƙasa, jimla ɗaya muke ji: sun ce Allah ne ya ba su. Masu goyon bayansu a cikinmu sukan tsaya a nan su ce to magana ta ƙare, masu adawa su ma sukan tsaya a nan su ce ƙarya ne. Amma littafin da ake ɗagawa bai tsaya a nan ba. A babin nan na 25, aya ta 23, an ce kada a sayar da ƙasa sayarwa ta har abada, domin ƙasar ta Ubangiji ce, su kuwa baƙi ne masu zaman aro a wurinsa. A babi na 18 an yi musu kashedi cewa in suka ƙazantar da ita za ta amayar da su kamar yadda ta amayar da waɗanda suka gabace su. Littafin Tarihi na biyu kuma, da yake bayanin kwashe su da aka yi zuwa Babila bayan rushe Ƙudus a 586 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce ƙasar ta zauna kango shekara 70 har ta rama hutun da aka hana ta. Wato a lissafin littafinsu, bashin hutun gona na cikin abin da ya fitar da su. Wannan kalamin mai ba da aron gona ne, wanda ya gindaya sharuɗɗa kuma ya taɓa karɓe gonarsa. Musulmi ba zai ji baƙon abu a nan ba, domin a Suratul A'araf Annabi Musa ya gaya wa mutanensa cewa ƙasa ta Allah ce, yana gadar da ita ga wanda ya so cikin bayinsa.

Bayan Rumawa sun rushe ɗakin ibadarsu na Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya, sannu a hankali yawancin Yahudawa suka watsu a duniya, waɗannan hukunce-hukunce suka koma karatun zaure. Ana haddace su a Baghdad da Kurɗuba da Vilna, kamar yadda almajiri a Zariya yake haddace nisabin raƙuma alhali bai mallaki ko akuya ba. Har zaman ƙasar kansa an yi saɓani a kai. Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya yi likitanci a fadar Misira, bai sa shi cikin jerin umarnai 613 ba. Wani malamin, Moshe ben Nahman na garin Girona a Sifaniya ta yau, ya ce wannan tsallake ne, zama a ƙasar umarni ne mai zaman kansa a kowane zamani, kuma ya cika maganarsa da aiki, ya yi hijira can a 1267 yana da shekara sama da 70. A Talmud, babban kundin fiƙihunsu, kuma akwai maganar rantsuwoyi uku, ciki har da cewa kada Yahudawa su koma ƙasar da ƙarfi a dunƙule, kada kuma su yi wa al'ummai tawaye. A kan wannan ne mabiya ɗariƙar Satmar suke ƙin amincewa da ƙasar Isra'ila har yau, suna cewa an yi riga malam masallaci, ba a jira Almasihu ba.

Karatun zaure ya koma maganar tuwo a 1882, lokacin da Yahudawa masu gudun kisan gilla daga Rasha da Romaniya suka fara kafa ƙauyukan noma a Falasɗinu, wadda a lokacin take ƙarƙashin Turkawa. Rishon LeZion, Zikhron Yaakov, Rosh Pina. Ba su iya noma sosai ba, zazzaɓin cizon sauro yana ta ɗibarsu, kuma da kuɗin attajirin nan na Faransa, Edmond de Rothschild, suke numfashi. Ba su gama tsayawa da ƙafafunsu ba shekarar saki ta 1888 zuwa 1889 ta ƙwanƙwasa ƙofa. In an bar kurangar inabi ƴar shekara biyar ba kulawa ta mutu, ƙauyen ma ya bi ta. Sai wasu malamai uku na Gabashin Turai, Shmuel Mohilever da Yehoshua Trunk da Shmuel Zanvil Klepfish, suka fito da mafita, babban mai fatawa na zamanin, Yitzhak Elhanan Spektor na Kovno, ya sa mata hannu. A sayar da gonar na ɗan lokaci ga wanda ba Bayahude ba, tunda akwai ra'ayin da ya ce gonar da ba ta Bayahude ba hukuncin hutu bai hau ta ba. Wannan ita ce heter mekhira, izinin sayarwa. Manyan malaman Ƙudus irin su Shmuel Salant da Yehoshua Leib Diskin suka ce atafau. Manoman ƙauyen Ekron, wanda yanzu ake kira Mazkeret Batya, suka bi malaman Ƙudus suka ajiye garma, ma'aikatan Rothschild suka matsa musu lamba, suka sha yunwa a shekarar.

Akwai wani lungu na fatawar da ya kamata mai karatu Musulmi ya sani. Attaura ta hana ba masu bautar gumaka wurin zama a ƙasar, kuma malamai sun fahimci hanin ya haɗa da sayar musu da fili. To wa za a sayar wa? Sai masu izinin suka ce Balarabe Musulmi ba mai bautar gumaka ba ne, Musa bin Maimun ma tun ƙarni na 12 ya rubuta cewa tauhidin Musulmi ba shi da gauraye. Abraham Isaac Kook, wanda ya zama malamin Yafa a 1904 kuma daga baya babban malamin Yahudawan Turai a ƙasar, ya jingina da wannan hujja a lokacin da yake kare izinin don shekarar 1909 zuwa 1910. Ka ga ke nan, gonakin farko na masu komawa ƙasar sun tsira a shekarar saki ne da shaidar da malamansu suka yi wa imanin maƙwabcinsu Musulmi.

Na san abin da ya zo wa da yawa a rai tun sakin layi na farko: ai wannan hila ce, irin ta mutanen Asabar da Alƙur'ani ya ba da labarinsu, waɗanda masu tafsiri suka ce sukan kafa tarkon kifi ranar Juma'a su kwashe ranar Lahadi. Kafin mu yi saurin yanke hukunci, laifi tudu ne. Mun san attajirin da in shekara ta kusa zagayowa kan dukiyarsa sai ya yi wa matarsa kyautarta, bayan wata biyu ta mayar masa, zakka ta faɗi. Mun san auren kisan wuta. Mun san cinikin da ake shirya shi a takarda don a kira riba da wani suna. Imamu Buhari sai da ya ware babi guda a kan hiloli, malamanmu na Malikiyya kuma suka tsananta wajen toshe kafa saboda sun san halinmu. Duk al'ummar da take da shari'a a rubuce tana da masu neman ƙofar baya, kuma su ma Yahudawa masu sukar izinin nan da kalmar da ta yi daidai da hila suke sukarsa.

A ganina ba kowace mafita ce ha'inci ba, ana duba wa ta amfana. Tun zamanin Rumawa wani malaminsu, Hillel, ya lura cewa in shekarar saki ta gabato masu kuɗi sukan daina ba da rance don tsoron bashin zai faɗi. Dokar da aka yi don talaka ta koma tana rufe masa ƙofa. Sai ya tsara wata takarda, prozbul, wadda take mayar da bashin hannun kotu don kada ya faɗi, rance ya ci gaba da gudana. Wannan na fahimce shi. Haka na fahimci malaman 1888, domin mutanen da ke gabansu yunwa ce take kallonsu, kuma yawancin malamai suna ganin hutun gona a wannan zamani hukuncin malamai ne, nauyinsa bai kai na nassi ba, tunda an daɗe da daina shekara ta hamsin da ake mayar wa kowa gonar gadonsa. Shi kansa Kook bai ɗauki izinin abin alfahari ba. Ya kira shi hukuncin lalura, ya ce a riƙa sake duba shi duk zagayowar shekara bakwai, ya ce manyan ayyukan da nassi ya ambata a bar wa wanda ba Bayahude ba ya yi su, kuma ya yaba wa duk wanda ya iya barin gonarsa gaba ɗaya.

Inda na rabu da su shi ne lalurar da ta ƙi ƙarewa. Manomin 1888 ba shi da gwamnati, ba shi da baitulmali, ba shi da inshora. Isra'ila ta yau ƙasa ce mai arziki, noma ɗan ƙaramin kaso ne na tattalin arzikinta, tana tace ruwan teku ta sha, tana sayar wa duniya fasahar ban-ruwa. In akwai al'ummar da za ta iya tara asusu shekara shida don manomanta su huta a ta bakwai, ita ce. Maimakon haka sai aka mayar da izinin aikin ofis, har majalisar dokoki ta yi doka a 1979 don cinikin ya inganta ba tare da an bi ta ofishin rajistar filaye ba. Abin mamaki kuma, kusan kashi 93 cikin 100 na filayen ƙasar na hukuma ne, kuma wata babbar doka ta 1960 ta hana sayar da su, tana amsa amon ayar nan da ta ce kada a sayar da ƙasa har abada. Ƙasar da doka ta hana sayarwa ita ake sayarwa duk shekara bakwai don a kauce wa wata dokar.

Ɓangaren masu tsanani ma ba su fita tsab ba. Avraham Yeshaya Karelitz, wanda aka fi sani da Hazon Ish, ya zauna a Bnei Brak daga 1933 ya yaƙi izinin, yana cewa ciniki ne na wasa, in kuma na gaske ne to haramun ne. Mabiyansa na birni ba sa cin amfanin gonar da aka sayar. Me suke ci? Tumatir da kokwamba daga gonakin Larabawa, ko waɗanda aka shigo da su daga waje. A 2007 rigimar ta kai kotun ƙoli, bayan majalisar malamai ta bar wa malaman garuruwa damar hana takardar shaidar halaccin abinci ga shagunan da ke sayar da kayan izinin sayarwa. A watan Oktoba na shekarar kotu ta ce ba a isa ba. Mutumin birni da bai mallaki gona ba, ya sauya shagon da yake cefane na shekara guda, ya ce ya kiyaye hutun ƙasa, alhali manomin da ke ɗauke da nauyin shi aka bari da kayansa suna ruɓewa. Tsoron Allah da aljihun wani ba shi da wuya. Akwai kuma masu shuka a cikin tukwane ƙarƙashin rumfa, an shimfiɗa leda an raba su da ƙasa, da masu bi ta hannun kotun addini ta tattara 'ya'yan itatuwa ta raba a kan kuɗin wahala kawai.

Waɗanda na cire wa hula su ne manoman da suke ajiye aikin da gaske, irin na ƙauyen Komemiyut da ke kudu, waɗanda tun shekarun 1950 suke barin gonakinsu duk shekara ta bakwai. Yanzu akwai asusun da Yahudawan waje suke tara wa irinsu kuɗi. Ko mutum bai yarda da addininsu ba, ya san wanda ya zuba ido damina ta wuce gonarsa tana ciyawa saboda abin da ya yi imani da shi ba da wasa yake ba.

To amma maganar ba ta tsaya a kan tumatir ba. Bayan yaƙin 1967 tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, wani reshe na almajiran gidan Kook, ƙarƙashin ɗansa Zvi Yehuda, ya ɗauki umarni ɗaya, na zama a ƙasa, ya ɗora shi a kan sauran. Daga cikinsu ƙungiyar Gush Emunim ta fito a 1974, ta shiga kafa matsugunai a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Yau Yahudawan da ke zaune a waɗannan matsugunai sun haura rabin miliyan, ban da na Gabashin Ƙudus, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa mamayar ta saɓa wa doka. Duk kaka, lokacin tsinkar zaitun, ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya yakan lissafa hare-haren da wasu 'yan matsugunan suke kai wa manoman Falasɗinawa, da itatuwan da aka sare ko aka ƙone.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Littafin da aka ɗauko umarnin zama daga cikinsa shi ne ya hana sare itace mai 'ya'ya ko da a tsakiyar yaƙi ne, a Maimaitawar Shari'a babi na 20. Shi ne ya la'anci mai gusar da iyakar gonar maƙwabcinsa. Shi ne ya ba da labarin Sarki Ahab da ya yi kwaɗayin gonar inabin wani talaka mai suna Nabot, aka kashe mai gonar da shaidar zur, Annabi Iliya ya tare sarkin a cikin gonar ya tambaye shi ko ya yi kisa kuma ya ci gado. Shi ne ya ce Annabi Ibrahim, wanda aka yi wa alkawarin tun farko, da matarsa ta rasu a Hebron bai ce ai ƙasata ce ba, sai da ya auna shekel 400 na azurfa ya sayi wurin binne ta. Mai gardama zai ce maƙwabci da baƙo a waɗannan ayoyi suna da ma'ana ta musamman a wajen malamai, ba kowa suka haɗa ba. Akwai masu wannan fassara. Amma Mishna, wadda ita ce gindin fiƙihunsu, ta ce kada a hana talakan da ba Bayahude ba yin kala a gonar Bayahude, don zaman lafiya. Musa bin Maimun kuma ya rubuta ƙarara cewa ƙwace kayan wanda ba Bayahude ba haramun ne. In talakan wata al'umma yana da damar shiga gonarka ya yi kala, ta ina ka sami damar hana shi tsinkar zaitun ɗin da kakansa ya dasa?

Ba ni na fara wannan tambaya ba, kuma waɗanda suka riga ni Yahudawa ne masu riƙo da addini. Yeshayahu Leibowitz, farfesa a Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus wanda ya rasu a 1994, mutum ne mai kiyaye Asabar da dokokin abinci, amma ya shafe rayuwarsa yana cewa ƙasa da duwatsu ba su da tsarki a karan kansu, tsarki yana cikin aikin da aka umarci mutum, kuma mayar da ƙasa ko gwamnati abin tsarkakewa bautar gunki ce. Tun bayan yaƙin 1967 ya yi gargaɗin cewa mulkar wata al'umma da ƙarfi zai lalata mai mulkin. Ovadia Yosef, haifaffen Baghdad wanda ya riƙe muƙamin babban malamin Yahudawan gabas daga 1973 zuwa 1983, ya ba da fatawar cewa ceton rai ya fi riƙe yanki, don haka ya halatta a mayar da ƙasa in za a sami zaman lafiya na gaskiya, ko da yake daga baya ya ƙi amincewa da janyewa daga Gaza a 2005 don bai ga sharaɗin ya cika ba. Akwai kuma ƙungiyar malaman Yahudawa masu kare hakkin ɗan Adam, wadda aka kafa a 1988, da membobinta suke raka Falasɗinawa tsinkar zaitun su tsaya tsakaninsu da masu duka. Mu da muka mayar da kalmar Bayahude zagi a bakinmu, muna jifan duk wani mai wayo ko marowaci da ita, ba mu bar wa irin waɗannan mutane wurin tsayawa a tunaninmu ba. Wannan rashin adalci ne, kuma yana sa mu kasa gane rigimar da muke ta ihu a kanta.

Bafalasɗinen da aka kori kakansa a 1948, cikin mutum sama da 700,000 da suka rasa gidajensu, yana iya cewa ina ruwansa da saɓanin malaman wasu, hakkinsa bai rataya ga fassarar littafin da ba nasa ba. Gaskiyarsa. Bayahuden da ba ruwansa da addini, kuma suna da yawa a Tel Aviv, shi ma zai ce hujjarsa tarihi ce da tsaro da abin da aka yi musu a Turai, kada a kawo masa Littafin Firistoci. Wannan wata muhawara ce daban, mai nata ma'aunin. Maganata da mutum ɗaya nake yi, wanda ya ɗaga littafi sama ya ce ga takardar filinsa. Shi ne ya zaɓi wannan kotu, kuma a cikinta takardar tana da sharuɗɗa a bayanta: gona ta huta, shinge ya buɗe, bashi ya faɗi, kada a taɓa itace mai 'ya'ya, kada a matsa iyaka. Sharaɗin da ke ƙara masa kadada ya riƙe shi da haƙori ya ce ba sassauci, wanda ke rage masa riba kuma ya nemo masa lauya.

Kusan rabin Yahudawan duniya yanzu a Isra'ila suke zaune, kuma akwai malaman da suke cewa ranar da suka zama mafi rinjaye wasu daga hukunce-hukuncen ƙasa za su koma matsayinsu na nassi, inda sassauci zai ƙara wuya. Shekarar saki mai zuwa za ta kama a watan Satumba na 2028. Kafin nan za a sake nemo mai saye wanda malamai suka gamsu ba ya bautar gunki, a sake buga takardun wakilci a raba wa manoma. Makonni kaɗan bayan an sa hannu zaitun zai nuna a tsaunukan Nablus da Ramallah, masu shi su fito da tsani da buhuna.